Babbar Jami'a Ko Ƙaramar Kwaleji?

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, sai gardama ta kaure a zaurukan Gwandu da majalisun Kalgo a kan inda yaro zai nufa. Yawancin ƙannenmu ba su da buri sai Zariya ko Kano, in ta ƙure Sakkwato. Wanda aka ba shawarar ya gwada Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko makarantar kiwon lafiya ta Jega, sai ya murtuke fuska kamar an zage shi. Mu da muka riga su shigowa, wajibi ne mu gaya musu abin da idonmu ya gani, domin na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Ba za mu tauye wa babbar jami'a hakkinta ba. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take tara littattafai da shaihunan malamai, tana da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da asibitin koyarwa a Shika. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ita ma tana da nata asibitin. Wanda ya ƙudurta zama likita ko lauya, kuma makinsa ya kai, babu kwalejin da za ta maye masa gurbin jami'a. Ga kuma wani ilimi da ba a rubuta shi a allo, watau zama ɗaki ɗaya da Bayarabe da Banufe da Tibi, har mutum ya gane duniya ba ta ƙare a Kambaza ba.

To, amma akwai abin da ba a faɗa wa yaro kafin ya ɗaure akwati. A shekarar farko a manyan jami'o'i ɗaruruwan ɗalibai ne ke cunkushewa a zaure guda, wasu a tsaye, wasu a bakin taga, malami yana magana ta lasifika. Ɗan birni da ya tashi da Turanci a baki yakan tsinci abin da ya tsinta. Shi kuwa wanda ya fito daga sakandaren ƙauye, inda wataƙila malamin lissafi ɗaya ke riƙe da makaranta duka, sai ya nutse shiru. Babu wanda zai lura ya daina fahimta, domin babu wanda ya san sunansa, sai ranar da aka liƙa sakamako ya ga lambarsa cikin masu maimaita darasi.

Abin mamaki ne a ce mu 'yan ƙasar Gwandu ne muka manta da wannan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin Gwandu, ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don kawai ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowannensu. A wancan tsari ba a tambayar mutum girman ginin da ya zauna ciki. Abin da ake tambaya shi ne, a gaban wa ka durƙusa, kuma wa ya saurari karatunka ya gyara maka? Ƙaramar makaranta, in ta amsa sunanta, wannan gadon take riƙe da shi: malami ya san wanda bai zo aji ba, ya kuma san dalili.

Sai mu zo ga lissafin shekaru, wanda iyaye suka fi mu iyawa. Takardar NCE shekara uku ce, kuma mai ita yana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Nawa ne daga cikin abokanmu suka ƙi Argungu, suka zauna gida shekara biyu ko uku suna sake JAMB, alhali wanda suka yi wa dariya ya gama, ya kama koyarwa, yana neman digiri da albashinsa? Ga yajin aikin malaman jami'a da ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Kwalejoji ma sukan yi nasu yajin, kada a ce mun ɓoye. Sai dai wanda makarantarsa ke kusa da gida yakan koma gona ko kasuwa ya jira, ba ya biyan hayar ɗakin da ba ya kwana ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, kuɗin mota zuwa Zariya kaɗai ya isa ya sa manomi ya sake tunani. Batun 'yan'uwanmu mata ya fi haka tsanani: da yawa a cikinsu, in ba kusa ba ne, ba za a bar su su tafi ko'ina ba.

Har ila yau zaɓin ya daina zama na biyu kawai. Kafin a kafa jami'ar Aliero a 2006 babu jami'a ko ɗaya a Jihar Kebbi. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin ke nan Kalgo. Ba ta kai Zariya shekaru ko suna ba, amma digiri take bayarwa, kuma a ƙofar gida take. Duk da haka, ƙanƙanta ba ita ce nagarta ba. Akwai ƙananan makarantu a ƙasar nan da ba su da komai sai allon suna a bakin titi. Kafin a biya ko sisi, a bincika ko hukumar NUC, ko NCCE, ko NBTE ta amince da fannin, a leƙa ɗakin gwaje-gwaje, a tambayi waɗanda ke ciki malamai nawa ke shiga aji.

Laifin raina kwaleji ba na yara kaɗai ba ne. Yayyenmu ma'aikata sun sani, mai digiri a mataki na 8 yake kama aikin gwamnati, mai NCE a na 7, mai HND kuwa ya daɗe yana kuka da shingen da ake gindaya masa wajen ƙarin girma. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da bambancin HND da digiri a 2021, amma Shugaba Buhari ya sauka bai sa masa hannu ba. Muddin hukuma na cewa NCE ce mafi ƙarancin takardar shaidar malanta, sa'an nan tana biyan malamin firamare abin da ba ya kai shi ƙarshen wata, yaro mai hankali zai ci gaba da gudun Argungu.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su shirya, a hutu mai zuwa, a rarraba mu zuwa sakandaren Gwandu da Dalijan da Kalgo da Diggi, mu zauna da 'yan ajin ƙarshe tun kafin su cike takardar JAMB. A haɗa da ɗaliban Argungu da na Kwalejin Waziri Umaru a cikin tawagar, su yi bayanin makarantunsu da bakinsu.