Idan Google bai ga shafinka ba, kar ka ɗora wa netwok laifi

Duk matashin da ya taɓa neman farashin shinkafar Bakolori a wayarsa ya san abin da yake samu: tsofaffin labarai, ko na harin 'yan bindiga. Alhali akwai samari a Talata Mafara, Bakura da Maradun da suka buɗe shafukan intanet, suna rubuta labarin kasuwa da noman rani. Sai mutum ya wallafa abu yau, mako biyu ya wuce bai fito a bincike ba. Da ka tambaye shi, sai ya ce ai netwok ɗin Zamfara ne.

Wannan uzuri bai karɓu ba. Manhajar da Google ke turawa ta karanta shafuka, wato Googlebot, ba ta bi ta layin wayar mai shafi. Galibi daga Amurka take tasowa, ta nufi kwamfutar da aka ajiye shafin a kanta, wadda ake kira saba. Ko a watan Satumbar 2021, lokacin da hukumar NCC ta sa aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, shafin da sabarsa ke Legas ko Turai yana nan a buɗe ga Google. Mai shi ne kawai ya rasa hanyar ƙara sabon abu.

To me ke jawo jinkirin? Na farko, saba mai araha wadda ɗaruruwan shafuka ke cunkushe a kanta. Idan Googlebot ta ga amsa na daɗewa, ko kuskure mai lamba 500 ko 503 na yawaita, sai ta rage zuwa don kada ta durƙusar da sabar. Na biyu, shafin da babu wani mahaɗi da ke kaiwa gare shi, domin ta mahaɗai manhajar ke gano sababbin shafuka. Na uku, kuskuren saiti: a WordPress akwai wani ɗan akwati da idan aka danna shi, yana roƙon injinan bincike su ƙyale shafin gaba ɗaya.

Akwai kuma ɗabi'ar ɗora sanarwa a matsayin hoto, ko barin ta a zauren WhatsApp. Abin da ke cikin zauren WhatsApp Google ba ya ganinsa, rubutun cikin hoto kuma ba ya kai rubutun da aka buga ƙarfi a bincike.

Gyaran bai buƙatar kuɗi mai yawa. Google Search Console kyauta ne, yana kuma buɗuwa a waya. A ciki mai shafi zai ga sau nawa Googlebot ta zo da tsawon lokacin da sabar ta ɗauka kafin ta amsa. Zai iya miƙa taswirar shafinsa, ya kuma nemi a duba sabon rubutu. Maimaita roƙon ba ya ƙara sauri.

Gaskiya ne ƙaramin shafi ba zai samu ziyara kamar BBC Hausa ba. Amma madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, tana ciyar da dubban manoma a waɗannan ƙananan hukumomi uku. Ɗan kasuwar Kano da ke neman albasa ko shinkafa zai saya ne wurin wanda ya gani a bincike. Matasan yankin da ke da shafuka su fara da duba sabarsu da saitinsu a wannan makon.