Addu'ar yaron Ba'indiye a Nasarawa GRA da haƙƙin da bai kamata a taɓa ba

Kanawa sun daɗe da sanin Indiyawa ta fuska biyu: masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, sai kuma finafinan da suka mamaye silimun birnin tun shekarun 1950. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne yadda iyalan Indiyawa mabiya addinin Hindu, waɗanda da yawansu ke zaune a Nasarawa GRA da Bompai, suke renon 'ya'yansu kan addininsu a cikin garin da kiran salla ke tashin kowa da asuba.

A al'adar Hindu, gida shi ne makarantar farko. Akan keɓe wani lungu don ibada, inda uwa ko kaka ke kunna fitila safe da yamma, yaro na kallo yana maimaitawa. Daga gajerun addu'o'i cikin harshen Sanskirit, irin su Gayatri, sai ya wuce zuwa Hanuman Chalisa, waƙar yabo mai baiti 40 da Tulsidas ya rubuta a ƙarni na 16. In ya tasa, sai a fara ɗora masa Bhagavad Gita, mai babi 18 da baiti 700. A gefe guda kuma ana ba shi labarin bayin da suke ɗauka waliyyai, kamar Mirabai da Tukaram da Kabir, masaƙin birnin Baranasi wanda ya tashi a gidan Musulmi.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malam da allo, ko ya haddace Ishiriniya, ko ya ji tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a bakin kakarsa, zai gane tsarin ko da bai yarda da abin da ke ciki ba. Hadda, maimaici da labarin magabata su ne hanyar da kowace al'umma ke bi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Su ma Indiyawa fargabar rasa 'ya'yansu ce ta sa suka tashi tsaye. A 1967, Anant Pai ya kalli wata gasar kacici-kacici a talabijin, ya ga yaran Indiya suna amsa tambayoyi kan tatsuniyoyin Girka amma sun kasa faɗin sunan mahaifiyar Rama. Daga nan ya kafa Amar Chitra Katha, jerin littattafan zane da suka kai labaran addini hannun yara a ciki da wajen Indiya. Ƙungiyar Chinmaya, wadda aka kafa a 1953, ita ma tana gudanar da azuzuwan mako-mako na yara a ƙasashe da dama. Wannan damuwa ce da Bahaushen zango a Kumasi ko Landan ya sani sarai, shi ya sa yake neman Islamiyya tun kafin ya gama kwance kaya.

Dokar Najeriya ba ta bar wannan batu a duhu ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowa 'yancin bin addininsa da koyar da shi. Ya kuma haramta tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar wani addini da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Matsalar ita ce manhajar makarantun ƙasar nan ta tanadi darasin addini iri biyu ne kawai, na Musulunci da na Kirista. Idan yaro ɗan Hindu ya shiga makarantar kuɗi a GRA, abu mafi sauƙi ga shugaban makaranta shi ne ya tura shi ɗaya daga cikin azuzuwan biyu don kada ya zauna shi kaɗai. Yin hakan ba tare da yardar iyaye ba saɓa wa doka ne, komai kyawun niyya.

Akwai masu cewa me ya sa za a damu da 'yan tsiraru alhali Musulmin Indiya na shan wahala. Gaskiya ne suna sha. A 2022 jihar Karnataka ta hana ɗalibai mata sanya hijabi a aji, jihar Gujarat kuma ta sanar da shigar da Bhagavad Gita cikin manhaja daga aji 6 zuwa 12, a makarantun da 'ya'yan Musulmi ma ke zuwa. Amma hujjar da ake kafawa wajen sukar waɗannan matakai ita ce haƙƙin iyaye kan tarbiyyar 'ya'yansu. Wanda ya nema wa yarinya Musulma wannan haƙƙi a Indiya, ba zai hana wa yaron Hindu shi a Kano ba, sai dai in ya yarda hujjarsa ta rushe.

Haƙƙin nan kuma yana aiki ta kowane ɓangare. Direba, mai gadi ko mai aikin gida Musulmi da ke aiki a gidan Ba'indiye bai kamata a sa shi, ko ɗansa, cikin wata ibada ba, kuma a ba shi lokacin sallarsa ba tare da gori ba.

Abin da ya rage shi ne aiki. Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano ta umarci makarantu masu zaman kansu su riƙa tambayar addinin yaro a takardar shiga, su kuma tanadi ɗakin karatu ko wani darasi ga wanda ba ya cikin azuzuwan biyu. Iyaye Indiyawa su fito su faɗi abin da suke so tun ranar rajista. Kano ta karɓi Wangarawa da Larabawan Gadamas da 'yan Labanan ba tare da ta rasa addininta ba. Addu'ar wani yaro a ɗakin mahaifiyarsa ba za ta rage mata komai ba.