Sharhi: Tsohuwar Golf a garejin Muchia da lissafin da gwamnati ba ta yi ba

Duk wanda ya ratsa Muchia da hantsi, ya bi ta cikin Sabon Gari ya nufi Kwangila, zai yi wuya bai ci karo da ƙaramar mota an ɗage mata bonet ba, bakanike ya tsunduma kai a ciki, mai ita na tsaye a gefe yana lissafi da yatsu. Galibi Golf ce, ko Starlet, ko Micra, ko Peugeot 206, irin masu gajeren bayan nan da ƙofar but ɗinsu ke ɗagewa sama. Su ne motocin malamin makaranta, da ƙaramin ma'aikacin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da ma'aikaciyar jinya mai zuwa Shika, da direban haya mai jigila zuwa Giwa ko Funtuwa.

Motocin sun tsufa matuƙa. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera Golf 2 a 1983, Golf 3 kuma a 1991, wato da yawa daga cikinsu sun girmi matasan da ke tuƙa su. A da, idan irin wannan mota ta fara gajiya, sai mai ita ya sayar ya ƙara kuɗi ya ɗauko wata 'yar Kwatano. Wannan ƙofar ce ta rufe, kuma matakan gwamnati ne suka rufe ta ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar da Arewa ta fi dogara da ita. Ƙa'idar kwastam kuma ta haramta shigo da motar da ta haura shekara 12 da ƙerawa. Sai ga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, bayan makonni biyu aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin fito ya bi ta. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta zarce 1,000 a Oktoban 2024. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa naira 70,000 ne ba shi da zancen sauya mota. Abin da ya rage masa shi ne ya raya wadda yake da ita, ko ya jingine ta a ƙofar gida ta zama makwancin awaki.

A nan ne gareji ya shigo cikin siyasar tattalin arziki, domin yawancin cututtukan da ake kai waɗannan motoci da su a yau suna da alaƙa da tsadar rayuwa kai-tsaye. Misali mafi bayyana shi ne famfon mai. A Golf 3 da ire-irenta, famfon yana zaune ne a cikin tanki, kuma fetur ɗin da ya lulluɓe shi ne ke sanyaya shi. Mutumin da a da yake cika rabin tanki, yanzu lita biyu ko uku yake iya saya, allura kullum tana kwance a kan ja. Famfo ya riƙa aiki a bushe yana ɗaukar zafi, yana zuƙo dattin da ya kwanta a ƙasan tanki, har ya ƙone. Idan aka haɗa da man 'yan bumburutu, wanda ba a san da me aka gauraya shi ba, sai nozul ya toshe, mota ta fara shaƙewa a kan hanya. Kuɗin da aka yi tattali a gidan mai sai a biya shi ninki a gareji.

Zafin inji shi ne ciwo na biyu, kuma a kansa ne ake yin kuskuren da ya fi tsada. Asalin matsalar sau da yawa lagireto ne da ya toshe, saboda shekaru ana ɗura masa ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji, tsatsa da ƙasa suka cika bututunsa. Wani lokaci famfon ruwa ne ya gaji, ko makunnin fanka ya mutu, ko robar mahaɗar ruwa ta tsage saboda tsufa. Maganin da aka saba da shi a garejin Najeriya shi ne a cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa, a haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa daga kunna mota har kashewa. Hujjar da ake bayarwa ita ce an yi shi ne domin sanyin Turai. Gaskiyar magana, an ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90. Idan bai kai haka ba, musamman da safiyar hunturun Zariya, na'urar da ke sarrafa mai tana ɗauka har yanzu inji bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da zuba masa fetur fiye da kima. Lokacin da lita take naira 185 ba wanda ya damu da wannan ɓarna. A farashin yau, hasara ce da mai mota ke biya kowace safiya bai sani ba. Kuma tun da ba a wanke lagireton ba, wata rana a kan hanyar Kano gaskit zai ƙone duk da haka, a sauke kan inji.

Haka zancen yake ga masu cire injekta su mayar da mota kafireto idan ƙwaƙwalwar inji ta samu matsala. Gyaran ya fi sauƙi, kowane yaron gareji ya iya taɓa shi, amma shan mai yakan ƙaru. Sauran ciwon kuwa na hanya ne da lodi: robar shaf ta yage, yashi ya shiga, a fara jin ƙas-ƙas idan an karya kan mota; shokazoba da bushin su mutu a ƙarƙashin fasinja shida da buhun masara, a motar da aka yi wa mutum biyar har da direba.

Ba adalci ba ne a ɗora wa makanikai laifin duka. Bakaniken Muchia ya koyi sana'a ne a hannun maigidansa, da ido da kunne, kuma ƙwarewarsa ce ta sa motar da Jamus ta yi ban kwana da ita tun tuni take kai yara makaranta. Yana aiki ne da abin da aljihun mai mota ya iya ɗauka. Kayan gyara na gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, da dala ake sayo su kafin su iso Ladipo a Legas, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Da suka yi tsada, sai kasuwa ta cika da sababbi masu araha waɗanda ba su da ƙarko, da baƙin mai na jabu a cikin galan mai kyau. Idan abin ya kai ga birki da bol-joyin da taya, maganar ta wuce asarar kuɗi, ta zama ta rai. Hana jabun kaya aikin hukumar SON ne, kuma matuƙar ana sayar da su a fili a kasuwannin kayan mota, aikin bai kai inda ya kamata ba.

Amsar da gwamnatin tarayya ta bayar ga tsadar fetur ita ce iskar gas ta CNG, ƙarƙashin shirin da fadar shugaban ƙasa ta kafa a 2023 da burin sauya motoci miliyan ɗaya kafin ƙarshen 2027. A takarda tunani ne mai kyau, domin gas ya fi fetur araha. Sai dai an tsara shi kamar dukan motocin ƙasar lafiya lau suke. Gas yana buƙatar filogi da wayoyin wuta masu ƙarfi, da injin da bai saki ba, da tsarin sanyaya da ke aiki daidai, abubuwan da tsohuwar Golf ta fi rashi. Tukunyar gas tana da nauyi, kuma a mota mai gajeren baya takan cinye kusan dukan but, wurin da direban haya ke samun kuɗin kaya. Ga kuma batun inda za a sha gas ɗin. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614, wanda zai kawo gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, an ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, an kuma ɗage ranar kammala shi sau da dama.

A ɓangaren karɓa kuwa hukuma ba ta jinkiri. Inshorar dole ta ƙananan motoci ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, 'yan sanda suka fara tilasta ta a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025. Jami'an kula da hanya na tarayya da na jiha suna da ikon tsayar da motar da ba ta da lafiya, kuma daidai ne su yi. Amma kama mota mai mataccen birki a Kwangila ba ya samar da birki mai inganci a kasuwa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne kayan aikin gyara wannan lamari suna nan cikin Zariya. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, wadda aka kafa a 1986, tana kan hanyar Basawa, tafiyar 'yan mintoci daga Muchia, kuma tana cikin cibiyoyin da ke aikin sauya motoci zuwa gas. Tsangayar injiniya ta ABU tana Samaru. Makanikai kuma suna da ƙungiyarsu, NATA, wadda za a iya bi ta hannunta. Gajeren horo cikin harshen Hausa a kan tsarin sanyaya inji, da amfani da na'urar gano matsala, da bambance kayan gyara na gaske da na jabu, ba zai ci ko kusa da kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba, kuma kowace motar da aka mayar wa tamostat aka wanke wa lagireto za ta rage shan mai daga ranar. Ƙaramar hukumar Sabon Gari da 'yan majalisar da ke wakiltarta a Kaduna da Abuja suna iya ɗaukar nauyin hakan daga kuɗin ayyukan mazaɓa, irin wanda ake kashewa wajen rabon babura da kekunan ɗinki idan zaɓe ya matso.