Mai Sayen Zane da Mai Ɗaukar Hoto

A birnin New York na ƙasar Amurka akwai wani katafaren gida cike da zane-zane masu tsada, wanda aka buɗe wa jama'a a shekarar 1935. Gidan wani attajiri ne, Henry Clay Frick. Masu yabonsa sukan kira shi uban masu fasaha. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Frick shi ne shugaban kamfanin ƙarfe na Carnegie sa'ad da masana'antu suka cika Amurka, talakawa suna kwararowa birane neman abinci. A 1892 rigima ta tashi tsakaninsa da ma'aikatan Homestead a kan rage albashi. Maimakon ya zauna da su, sai ya rufe masana'antar, ya yi hayar 'yan bindiga wajen 300 daga kamfanin Pinkerton, aka kawo su ta kogi. Ran 6 ga Yuli aka gwabza, mutane suka mutu ta kowane ɓangare. To, da ribar wannan ƙarfe ne ya riƙa sayo zanen Rembrandt da Vermeer, watau mutanen Holan da suka rasu shekara fiye da 200 kafin nan. Matacce ba ya neman ƙarin albashi. Zanensu kuwa, kome kyansa, ba ya nuna hayaƙin Pittsburgh, balle leburan da ke tsaye gaban wuta awa 12.

Masu nuna rayuwar talaka suna nan a lokacin, ƙofa aka rufe musu. Robert Henri da John Sloan da George Luks sun zana lunguna, da mashaya, da yaran titi. Da babbar makarantar zane ta New York ta ƙi karɓar ayyukan wasunsu a 1907, sai su takwas suka haɗu suka yi nasu nunin a 1908. Daga baya aka laƙaba musu sunan masu zanen kwandon shara.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Lewis Hine, malamin makaranta da ya koma ɗaukar hoto. Daga 1908 ya yi ta yawo masaƙu da ramukan kwal yana ɗaukar yaran da ake sa aikin manya. Masu masana'anta ba sa barinsa shiga, don haka wani lokaci yakan ce shi mai duba kayan kashe gobara ne. Tsawon yaro ma da maɓallan rigarsa yake aunawa, kada a gan shi da ma'auni. Gani ya kori ji. Hotunansa sun taimaka aka yi dokar hana bautar da yara a 1916, babbar kotu ta soke ta a 1918, sai a 1938 aka sami wadda ta zauna.

Masu kare Frick za su ce ai ya bar wa jama'a gidansa. Gaskiya ne, ya bari, bayan shi da matarsa sun gama zama a ciki. Hine kuwa ya rasa nasa gidan saboda bashi, ya mutu a 1940 cikin talauci.