Ayari Ba Ya Tafiya Babu Jagaba: Yaron Gida da Kawo Sauyi a Kasuwancin Gusau

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar wani babban ɗan kasuwa a Gusau ya san wannan yanayi. Maigida yana zaune a kan darduma, carbi a hannu, lissafin dukiyarsa gaba ɗaya yana cikin kansa. A gefensa akwai wani matashi da ya yi karatun zamani, wataƙila ɗansa ne, ko ɗan ƙanensa, ko yaron da aka ba shi amana tun yana ƙarami. Matashin yana ganin inda kuɗi ke zurarewa: bashin da ba a rubuta ba, buhunan da ƙwari suka ɓata a sito, dillalin da ke ci gaba da baya. Ya san maganin abin, amma bakinsa ya yi nauyi. In ya yi magana a ce ya raina na gaba, in ya yi shiru dukiya ta ci gaba da tsiyaya. A ganina, makomar kasuwancin wannan yanki ta rataya a wuyan wannan matashi fiye da yadda muke zato, kuma horon da yake bukata aiki ne da ya shafi masana Hausa kai tsaye.

Gusau gari ne da sauyi ya ɗaga, sauyi kuma ya durƙusar. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta garin ya kai Ƙaura Namoda a 1929, sai Gusau ta zama matattarar gyaɗa da auduga. Aka kafa injin gurzar auduga, daga baya masaƙa da kamfanin matse mai suka biyo, manoman ƙasar Tsafe da Bunguɗu suka sami inda za su kai amfaninsu. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta faɗi. Yadin waje mai araha ya cika kasuwa, wutar lantarki ta yi ƙaranci, jirgin ƙasa ya daina zuwa, masaƙun Arewa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta sami sakatariya da gidan gwamnati, amma ƙarfin masana'antunta ya riga ya fara shuɗewa. Abin da ya rage yana riƙe da jama'a shi ne kasuwancin gidaje: masu hatsi, masu tireda, masu dabbobi, masu kayan gini.

Waɗannan gidaje sun sha jarrabawa biyu a 'yan shekarun nan. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar, an kuma rufe kasuwannin mako saboda matsalar tsaro. A farkon 2023 kuma canjin takardun naira ya haifar da ƙarancin tsabar kuɗi. A Damba, unguwar da ke gefen Gusau, na lura da wani abu a lokutan nan biyu. Sa'ad da aka katse waya, wanda ya tattara dukkan hulɗarsa cikin wayar salula ya rasa yadda zai yi, mai littafin bashi da sanin gidajen abokan cinikinsa kuwa ya ci gaba da juyawa. Sa'ad da tsabar kuɗi ta ɓace, sai abin ya juye: shagon da ke da asusun banki da na'urar POS ya yi ciniki, wanda bai yarda da komai ba sai kuɗi a hannu ya yini yana korar ƙuda. Shagunan da suka tsallake duka biyun, galibi akwai wani yaro a cikinsu da ya riga ya shawo kan maigida ya buɗe hanya ta biyu tun kafin ta farko ta toshe. Wannan shi ne mai kawo sauyi a ma'anarsa ta gaskiya.

To, a ina ake horar da irin wannan yaro? Darasin koyon sana'a da dogaro da kai da aka wajabta wa ɗaliban jami'o'inmu da Turanci ake koyar da shi, misalansa kuma daga manyan kamfanonin Amurka da Turai ake ɗauko su. Ɗauki John Kotter na Jami'ar Harvard, wanda a 1996 ya tsara matakai takwas na jagorancin sauyi, na farkonsu shi ne a sa mutane su ji cewa lamari ya kai ga gaggawa. Tunani ne mai ma'ana, sai dai an gina shi a kan kamfani mai hukumar daraktoci da rubutacciyar yarjejeniyar aiki. Yaron da zai tsaya gaban wanda ya raine shi, ya yi masa aure, ya ce masa "Alhaji, muna cikin haɗari saboda yadda kake tafiyar da gidan nan", ya rushe maganarsa tun kafin ya ƙarasa ta. A gidan Bahaushe, kunya da biyayya da amana su ne ginshiƙan da dukiyar ke zaune a kansu. Horon da ya yi watsi da su zai haifar da ɗayan biyu: yaro mai tsaurin ido da za a sallama, ko mai takardar shaida da ba ya iya buɗe baki.

Alhali kuwa tarihinmu yana da tsarin da ya warware wannan matsala. Binciken Mahdi Adamu na 1978 kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma, da na Paul Lovejoy na 1980 kan fataucin goro, sun nuna yadda ayarin Gwanja yake da tsari. Madugu ne shugaba, nasa ne hukunci na ƙarshe. Amma akwai jagaba, wanda ke shiga gaba ya duba hanya da mashigin ruwa da zango. Akwai uban dawaki mai kula da tara kuɗin fito, akwai kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a. Idan jagaba ya dawo ya ce a kauce wa hanya kaza, babu mai cewa ya raina madugu, domin aikinsa ke nan. Wato al'adar fatake ta ware gurbi na musamman ga wanda ke ganin abin da shugaba bai gani ba. Wannan gurbi ne ya ɓace a yawancin gidajen kasuwancinmu na yau, inda maigida ya haɗa madugu da jagaba da malamin ayari a jikinsa shi kaɗai. Ranar da ya kwanta dama, lissafi ya tafi tare da shi, magada su raba abin da ido ya gani, gida ya watse.

Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, cikin wannan al'ada ya tashi. Ya fara da fataucin goro, ya yi amfani da jirgin ruwa wajen kai kaya Ikko, da jirgin ƙasa ya iso Kano kuma ya koma sayen gyaɗa. Sauya hanya idan zamani ya juya tsohuwar ɗabi'ar fatake ce. Gidansa ya ɗore har zuwa jikoki da tattaɓa-kunne, abin da ba kasafai ake gani ba.

Jagaban zamani yana bukatar ƙwarewa uku. Ta farko ita ce lissafi a rubuce, domin magana babu adadi zargi ce, magana da adadi kuwa nasiha ce. Ta biyu ita ce iya kafa hujja da abin da maigida ya yarda da shi. Wanda ke son a riƙa rubuta bashi yana da aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawon aya a Alƙur'ani. Wanda ke son gida ya ɗore bayan rabon gado yana da babin tarayya a fiƙihun Malikiyya, ga kuma dokar kamfanoni ta 2020 da ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfaninsa rajista. Ta uku ita ce sanin makamar zance: a keɓe maigida, a bi ta hannun amininsa ko limamin unguwa, a nemi izinin gwada sabon abu a kan buhu goma kafin ɗari, idan an ci nasara kuma a bar masa yabon. Fatake ne suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Za a iya cewa matsalar Zamfara tsaro ne da wutar lantarki da jari, ba salon shugabanci ba. Gaskiya ne, babu horon da zai buɗe hanyar Tsafe idan 'yan bindiga sun tare ta. Amma gidajen da ke fuskantar matsala iri ɗaya ba sa ƙarewa iri ɗaya, bambancin kuwa daga cikin gida yake. Za a kuma iya cewa ina ƙawata tsarin da ake zaluntar yara a cikinsa, su yi shekaru suna bauta babu albashi tsayayye, babu ranar sallama. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa rubuta yarjejeniya tsakanin maigida da yaronsa ya kamata ya zama sauyi na farko. Yaron da bai san makomarsa ba, ba zai sa kansa cikin haɗari don gyara dukiyar wani ba.

Rabonmu a cikin wannan aiki a fili yake. Mun yi nazarin waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo har mun ƙoshi, amma harshen ciniki, da yadda ake ba na gaba shawara, da kalmomin awo da bashi da kamasho, sun sami kulawa kaɗan. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna iya tura ɗalibai su naɗi tarihin gidajen kasuwancin Gusau daga bakin dattawan da suka ga zamanin gyaɗa da auduga, tun suna raye. Suna iya haɗa hannu da sassan nazarin kasuwanci a rubuta littafin horo da Hausa, a daidaita kalmomi, a riƙa gudanar da gajeren kwas ga yaran shaguna. Idan ba mu yi ba, wasu za su ci gaba da koyar da 'ya'yan fatake shugabanci da harshen da iyayen gidansu ba sa ji, gidajen kasuwanci kuma su ci gaba da mutuwa tare da masu su.