Gani ya kori ji

A Yamai, kusa da kogin Isa da gadar Kennedy, akwai gidan tarihi na ƙasa, wanda mutane suke kira Muze. An buɗe shi a shekarar 1959. Yanzu yana ɗauke da sunan Bubu Hama, babban marubucin Nijar wanda ya rasu a 1982.

Yaran unguwar Dar es Salam, kamar na sauran unguwannin birni, suna son zuwa Muze. Amma da sun shiga, sai su ruga wajen zaki da kura da dorina. In sun gaji, su koma gida. Ɗakunan da aka ajiye zane-zane kuwa, sai su wuce su da gudu. Wannan asara ce. Kallon dabbobi yana da daɗi, amma ɗan makaranta na kirki ya kamata ya tsaya gaban zane, ya dube shi da kyau.

Don mi? Domin zane yana ba da labari ba tare da baki ba. A Muze akwai ɗakin da aka keɓe wa zanen duwatsu. Mutanen dā sun zana raƙuman dawa da shanu da giwaye da jiminu a kan duwatsun Abzin. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5, an sassaƙa shi shekaru dubbai da suka wuce. Yau wurin hamada ne. Yaron da ya lura zai tambayi kansa: mi waɗannan dabbobi suke ci a lokacin? Nan take zai gane cewa dā akwai ruwa da ciyawa a can. Ga darasin tarihi ya shiga kai ba tare da allo ba.

Zane bai tsaya ga mutanen dā ba. Bangon ɗakunan Muze da kansa yana da ado irin na ginin Hausa, kamar wanda ake gani a unguwar Birni ta Damagaram. Akwai kuma masu zane na zamani, irin su Rissa Ixa, wanda ya shahara da zana rayuwar Abzinawa.

Wasu iyaye suna cewa zane wasan yara ne, ba ya cika tumbi. To, sai su leƙa rumfunan masu sana'a da ke cikin Muze. Maƙerin azurfa, da baduku, da masaƙi, kowa da zanen da yake bi. In babu zane, babu ado a jikin jaka ko bargo. Da wannan aiki suke ciyar da iyalansu.

Yaya ake kallon zane? Ba a gaggawa. Yaro ya zagaya ɗakin sau ɗaya, sannan ya zaɓi zane guda wanda ya fi burge shi. Ya tsaya, ya dubi launi, ya dubi layuka, ya ƙirga abubuwan da ke ciki. Kada ya taɓa da hannu, domin kayan na kowa ne. In da hali, ya kwafe shi a littafinsa. Ba dole ne zaɓinsa ya zama ɗaya da na abokinsa ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ake so shi ne ya iya faɗin dalilinsa, da Hausa da kuma Faransanci.

Wanda ya san zane ɗaya sosai ya fi wanda ya wuce ɗari bai riƙe ko ɗaya ba.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe Muze?
2. Mi zanen duwatsun Abzin yake koyarwa game da hamada?
3. Waɗanne masu sana'a ne suke aiki da zane?
4. Kowane ɗalibi ya zana abin da ya fi so, ya bayyana dalilinsa.