A Bar Masu Bikin Stonehenge Su Sha Iska

Kowace shekara, wajen 20 ga Maris, ranar da tsawon dare da yini ke daidaita, masu addinin gargajiya da ake kira Druid kan taru a duwatsun Stonehenge na kudancin Ingila, su tarbi fitowar rana don sallamar hunturu. A 1985 hukuma ta hana babban taron wurin, 'yan sanda suka kama mutane fiye da 500, sai a 2000 aka sake buɗe wa jama'a ƙofa. A ganina, sassautawar ita ce daidai. Ba sai ka yarda da aƙidar mutum ba kafin ka kare haƙƙinsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.